Romeo da Juliet: Soyayyar Gaskiya Ce, Ko Sakamakon Ƙin Jin Maganar Iyaye?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce, an ba mu wasan kwaikwayon Romeo da Juliet mu karanta. Ƙawayena suna cewa babu soyayyar gaskiya kamar tasu, tunda har sun mutu saboda juna. Kawuna kuwa da ya ga littafin a hannuna sai ya ce ba abin da yake koyarwa sai rashin kunya da bijire wa iyaye, kuma ƙarshensu shi ne ƙarshen duk yaron da ya ƙi jin magana. Ni dai na rikice. Wa ke da gaskiya, kuma me wasan yake faɗa a kan so?"

Barka kadai ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ki, kina son ki san ko abin da masu yabo da masu zargi ke faɗa shi ne ainihin abin da ke cikin littafin. A ganina ƙawayenki da kawunki kowannensu ya ɗauko wata magana ce da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a game da so, ya ɗora wa wasan. Abin da ya sa nake ƙaunar koyar da shi kuwa, marubucin ya san irin waɗannan maganganu sarai. Ya raba su ga mutanen cikin wasan, kowa da tasa, sannan ya bar mu mu ga cewa ranar da yarinya ɗaya ta shiga tsaka mai wuya babu ko ɗaya da ta cece ta.

Asalin labarin

William Shakespeare ya rubuta wasan a Ingila wajen shekarar 1595, aka fara buga shi a 1597. Labarin ba shi ya ƙirƙira ba. Ya daɗe a Italiya: Luigi da Porto ya rubuta shi wajen 1530, Matteo Bandello ya sake rubutawa a 1554, aka mayar da shi Faransanci, daga nan wani ɗan Ingila mai suna Arthur Brooke ya tsara shi a doguwar waƙa a 1562. Daga wannan waƙa Shakespeare ya ɗebo. A gabatarwar Brooke akwai ra'ayin kawunki sak, domin ya ce labari ne na masoyan da suka bi son zuciya, suka yi watsi da shawarar iyaye, don haka a ɗauki izina. Shakespeare bai ɗauko wannan wa'azi ba. A nasa buɗewar, mai gabatarwa ya tsaya a kan dandamali ya ambaci tsohuwar gaba tsakanin gidaje biyu na birnin Verona, gidan Montague na su Romeo da gidan Capulet na su Juliet, ya ce ba abin da zai kashe wutar fushin iyayen sai mutuwar 'ya'yansu. Har wasan ya ƙare kuma ba a faɗi mafarin gabar ba.

Ya kuma canza abu biyu da gangan. A wurin Brooke labarin ya ɗauki watanni, shi kuwa ya matse shi tsakanin Lahadi da Alhamis. A wurin Brooke Juliet ta kusa shekara 16, shi ya mayar da ita ba ta cika 14 ba, alhali galibin matan Ingila na zamaninsa sai sun haura shekara 20 suke aure. Masu kallonsa a Landan yarinya ƙarama suka gani ana janta da gudu, kuma haka ya so su gani.

Abin da mutanen Verona ke kira so

Abin da kan fara ba ɗalibai mamaki shi ne, lokacin da Romeo ya fara fitowa bai ma san Juliet ba. Wata Rosaline ce ta hana shi barci, ita kuwa ta yi alwashin ba za ta kula namiji ba, kuma ba ta furta ko kalma ɗaya a duk wasan. Mahaifinsa ya ce yaron yakan fita da duhun asuba yana kuka, rana na fitowa ya shige ɗaki ya rufe tagogi. In ya buɗe baki sai jera kalmomi masu karo da juna, wuta mai sanyi, hayaƙi mai haske, lafiya mai ciwo. Masu kallo na lokacin sun san salon da kyau. Na mawaƙin Italiya ne Francesco Petrarca, wanda ya rasu a 1374 bayan ya daɗe yana waƙe wata Laura da bai taɓa samu ba, kuma a shekarun 1590 mawaƙan Landan sun yi ta kwaikwayonsa har ya zama yayi. A wannan salo masoyi sai ya rame, ya ƙaurace wa mutane, ya ɗaga budurwa sama inda hannu ba ya kaiwa. Mu ma mun san hoton daga labarin Majnun da Laila. Romeo na farkon wasa ya fi son ganin kansa a matsayin masoyin da ke shan wuya fiye da yadda yake son Rosaline, kuma marubucin ya shirya fitowar ne don a gane kalaman aro ne.

A gefensa ga abokinsa Mercutio, wanda a wurinsa so sha'awa ce kawai da aka yi wa kwalliya, shi ya sa zancensa ya cika da batsa. Barorin gidan Capulet biyu da suka buɗe wasan sun fi shi muni, don a bakinsu zancen mata da zancen takobi abu ɗaya ne, suna fariyar abin da za su yi wa 'yan matan gidan abokan gaba. Mahaifiyar Juliet kuma lissafi take yi. Ta kwatanta Paris, mai neman auren 'yarta, da littafi mai tsada wanda bango kaɗai ya rage masa, ta ce wadda ta aure shi ta sami rabo a duk abin da ya mallaka. Shi Paris ɗan dangin sarki ne, mutumin kirki kuma, amma da uban yarinya yake zance. Ba mu gan shi yana magana da Juliet ba sai bayan an riga an sa rana. Uwar rainonta, wadda ta shayar da ita, tana ƙaunarta har zuciya, sai dai a wurinta miji miji ne, in wannan ya tafi ga wani. Sai limamin coci, Fada Laurence, mai cewa a yi so a hankali, masu gudu su ke tuntuɓe. Da safiyar Litinin ya faɗi haka, kafin rana ta faɗi ya ɗaura musu aure a ɓoye, da fatan auren zai sulhunta gidajen biyu.

Duk waɗannan ra'ayoyi muna jin su har gobe, a majalisar samari da ɗakin iyaye mata da bakin masu nasiha. Wasan bai ce duka ƙarya ba ne. Kowanne yana da ɗan rabonsa na gaskiya, amma babu wanda a cikinsu ya tsaya ya saurari abin da ke ran yarinyar da gaske.

Juliet

A nan nake son ki dakata sosai, domin mutane sun fi yi wa Juliet rashin adalci. Hoton da ke kan jama'a shi ne na yarinyar da so ya rufe wa ido, irin wadda ake yi wa karin maganar so hana ganin laifi. Wadda ke cikin littafin ta fi kowa a Verona buɗe ido.

Dubi haɗuwarsu ta farko a walimar gidan Capulet. Maganarsu ta farko waƙa ce mai ɗango 14, irin tsarin da mabiya Petrarca ke amfani da shi. Amma a al'adar wannan waƙa namiji ne kaɗai ke magana, mace kuwa abar kallo ce. A nan su biyu suka raba ta, ya faɗi nasa, ta karɓi amsa-amonsa ta mayar masa da hujja. Mace ta shigo cikin waƙar da aka saba yi a kanta, ta ba da amsa. Bayan ya sumbace ta kuma ta ce masa yana yi kamar wanda ya koya a littafi, wato tun daren farko ta ji ƙanshin aro a tattare da shi.

A fitowar lambu, wadda ta fi kowace shahara, ki ware maganar kowannensu ki karanta daban. Romeo yana ta rana da taurari da mala'ika. Ita kuwa tambayoyi take yi: ta ina ka shigo, katangar nan tana da tsawo, wa ya nuna maka hanya, ka san in dangina suka gan ka za su kashe ka? Da ya fara rantsuwa da wata sai ta katse shi, ta ce wata kullum canzawa yake, kada sonsa ya zama haka. Ita da bakinta ta ce wannan alkawari na daren nan ya yi gaggawa, ba a yi shawara ba, ya yi kama da walƙiya da ke ɓacewa kafin a ce ga ta. Sannan ta kawo maganar da ta yanke komai: in nufinka na mutunci ne, in aure kake nufi, ka aiko gobe da lokaci da wuri, in kuwa ba haka ba ka bar ni da baƙin cikina. A aji nakan tambayi ɗalibai kafin mu kai wurin, wa kuke zaton ya fara kawo zancen aure? Galibi Romeo suke cewa, kuma in suka ga akasin haka sai duk karatun da suke yi wa yarinyar ya sauya.

Wannan ya shafi zargin rashin kunya. Ba su kwana tare ba sai bayan an ɗaura aure a gaban limami. A dokar cocin Ingila ta wancan zamani, yardar namiji da mace ta isa aure ya ɗauru ko iyaye ba su sani ba, duk da ana ƙyamar yin haka. A wurinmu ba haka ba ne, aure sai da waliyyi da shaidu da sadaki, don haka abin da suka yi ba abin koyi ba ne gare mu. Amma in za ki auna su, ki auna su da dokar duniyarsu, kuma a can Juliet matar aure ce halattacciya tun daga yammacin Litinin. Duk abin da ta yi bayan nan, ƙin auren Paris da shan maganin barci, ta yi ne don kada ta yi aure kan aure.

Shin wasan ya yarda da so na ganin farko? Bai ɓoye shakku ba. Fada Laurence ya ce wa Romeo son samari a ido yake, bai kai zuci ba, ya tuna masa hawayen da ya zubar jiya-jiya saboda Rosaline. Mai gabatarwa ma da ya dawo kafin kashi na biyu ya ce kyan fuska ne ya sihirce su duka biyun. Abin da ke ɗaya ɓangaren shi ne harshen Romeo ya canza, ya rage jera kalmomin aro, kuma karon farko yana sauraron wadda yake so. Ni dai na yarda son gaskiya ne, amma ɗanye, wanda ba a ba shi lokacin nuna ba.

Me ya kashe su?

Wasan ya juya ne a kashi na uku, fitowa ta ɗaya, kuma babu mace ko ɗaya a wurin lokacin da aka zare takubba. Tybalt, ɗan'uwan Juliet, ya tare Romeo da zagi yana neman faɗa. Romeo, wanda bai daɗe da zama surukin gidan ba, ya ƙi, ya amsa da lallashi. Mercutio ya ga wannan ragwanci ne da zubar da girma, ya zare takobi. Romeo ya shiga tsakani don rabo, Tybalt ya soki Mercutio ta ƙarƙashin hannun Romeo, Mercutio ya mutu yana tsine wa gidajen biyu. Sai Romeo ya faɗi maganar da nake ganin ta fi kowace nauyi a wasan, ya ce kyan Juliet ya mayar da shi mace, ya tausasa ƙarfen jarumtarsa. Ga wata tsohuwar magana nan game da so, cewa yana mayar da namiji rago. Romeo ya gaskata ta na ɗan lokaci, ya kashe Tybalt, sarkin Verona ya kore shi daga gari, ya tafi gudun hijira garin Mantua. So ne ya sa shi ƙin faɗa da farko. Da ya ajiye shi ya koma wa dokar titi ta ramuwa, a nan komai ya lalace.

Sai manya suka ƙarasa. Ranar Lahadi Capulet ya ce wa Paris yarinyar ta yi ƙanƙanta, a bari shekara biyu, kuma yardarta ce kan gaba. Daren Litinin, ba tare da ya tambaye ta ba, ya sa ranar Alhamis. Da ta durƙusa tana roƙo, ya zage ta, ya ce hannunsa na ƙaiƙayin marinta, ya ce in ta ƙi ta fita titi ta yi bara ta mutu da yunwa. Ta juya ga uwarta ta roƙi a ɗaga ko da wata ɗaya, ko da mako ɗaya, uwar ta ce ta gama da ita. Ta juya ga uwar rainonta, wadda ta san an ɗaura aure, ita ma ta ce ta auri Paris, Romeo tsumma ne a kansa. A fitowa ɗaya ƙofa uku suka rufe. Ban taɓa karanta wannan wuri a aji ba tare da ganin fuskar 'yan mata ta sauya ba, domin auren dole ba baƙon labari ba ne a wurinmu, ko da yake addini ya yi umarni a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita.

Ƙofa ta huɗu Fada Laurence ne. Shi kaɗai ke da girman da zai je gaban Capulet ko gaban sarki ya ce yarinyar nan da aurenta, ni na ɗaura. Bai yi ba. Ya ba ta maganin da zai sa ta zama kamar gawa na sa'a 42. Akwai dalilin zaton cewa faɗin gaskiya zai iya yin amfani, domin a daren walima Capulet da kansa ya hana Tybalt taɓa Romeo, ya ce duk Verona na yabon tarbiyyar yaron. Daga nan Capulet ya sake matso da bikin zuwa Laraba. Wasiƙar da za ta sanar da Romeo dabarar ba ta isa ba, saboda an killace Fada John mai ɗauke da ita a gidan da ake zargin akwai annoba, abin da mutanen Landan suka sani da kyau tunda annoba ta sa an rufe gidajen wasansu mafi yawan lokaci tsakanin 1592 da 1594. Romeo ya ji labarin mutuwa, ya sayi guba wurin wani matalaucin mai magani, ya kashe Paris a bakin kabari, ya sha. Juliet ta farka, limamin ya ji motsin masu gadi ya gudu ya bar ta da gawar mijinta, ita ma ta soki kanta da wuƙar Romeo ta mutu. Mutum shida suka mutu, har da mahaifiyar Romeo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe.

Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma sau da yawa haka ne. A wannan wasa babu babban da ya hango komai. Da sarki ya tsaya a kan gawarwakin, iyayen ya nuna da yatsa, ya haɗa da kansa saboda kau da ido da ya yi daga rikicinsu, ya ce kowa ya sha hukunci. Babu wanda ya zargi yaran a wurin.

Inda kawunki ke da gaskiya

Kada ki ɗauka na wanke su tas. Ɓoyewa ta cuce su, gaggawa ta cuce su, kuma Romeo mutum ne da ba ya iya jira. Tun da aka kore shi ya zare wuƙa zai soki kansa a ɗakin limami, limamin ya tsawata masa da zafi, ya ce wannan aikin dabba ne da halakar da rai. A kabari ya lura leɓɓan Juliet da kumatunta har yanzu da ja, bai tsaya ya yi tunani ba. Da ya yi haƙurin ɗan lokaci kaɗan, da ta farka a hannunsa. Don haka maganar ƙawayenki ce na fi ƙin amincewa da ita. Mutuwarsu ba ta tabbatar da girman so ba, labarin ƙarya da rashin haƙuri ne suka jawo ta. Kashe kai babban zunubi ne a Musulunci da Kiristanci, masu kallon Shakespeare sun san haka, kuma ina jin zafi in na ji matasa suna ƙawata shi da sunan wannan wasa.

Hoton da ƙawayenki ke riƙe da shi yana da tarihinsa. A ƙarni na 18 shahararren ɗan wasan Landan David Garrick ya gyara wasan, ya cire son da Romeo ya yi wa Rosaline, ya sa Juliet ta farka kafin Romeo ya cika don su yi bankwana, kuma wannan gyararren ne aka daɗe ana nunawa. A Verona ta yau akwai gidan da ake kira gidan Juliet, da barandar da aka ƙara masa a ƙarni na 20, masu yawon buɗe ido na tururuwa, alhali Juliet ƙagaggiya ce. Wanda ya san labarin ta wannan hanya ya san lambu da kabari ne kawai, bai san tsakiyar ba.

Karatun da na ba ki yana da iyaka. Masana sun daɗe suna saɓani: wasu sun ɗora komai a kan ƙaddara, suna kafa hujja da ambaton taurari a buɗewa da kuma wasiƙar da ta maƙale, wasu a kan halin Romeo. Ni na fi karkata ga gaba da gazawar manya, amma su ma suna da madogara a cikin littafin. Sannan wasan kwana huɗu zuwa biyar kaɗai ya nuna, bai ce komai ba a kan zaman aure, cefane, dangin miji da haƙurin shekaru, don haka ba za a koyi aure daga gare shi ba. Ni kuma malamin adabi ne. In akwai wata matsala irin wannan a gida, wurin manyan dangi masu adalci da malaman addini ya kamata a kai ta, kuma da wuri.

Don jarrabawa, ki jera abin da Mercutio da mahaifiyar Juliet da uwar rainonta da Fada Laurence suka faɗa a kan so, ki ajiye kusa da maganar Juliet a kashi na biyu, fitowa ta biyu. Kawu kuwa, in kin ga yana cikin nishaɗi, ki roƙe shi cikin ladabi ku karanta kashi na ɗaya fitowa ta biyu tare, inda Capulet ya ce yardar 'yarsa ce kan gaba, sannan kashi na uku fitowa ta biyar, ki ji abin da zai ce a kan uban.